Wa ya ƙirga gawon Kawu?

Lamarin ya faro ne daga wata farar mota. Ranar kasuwa ce, cikin hunturu, mutum uku suka sauka a ƙauyen su mahaifiyata, kudu da Damagaram ta wajen Matamaye. Suka nemi mai gari, aka shimfiɗa tabarmi gindin tsamiya. Abin da suka zo da shi, yadda ya iso kunnena daga baya, shi ne wai akwai shirin da zai riƙa biyan manoma kuɗi saboda itatuwan gonakinsu, tunda itace yana shanye iskar da ke ɗumama duniya. Kafin a tashi, samari sun raɗa wa abin suna kuɗin iska. Wani dattijo ya tambaya ta yaya za a san yawan itacen kowa. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya nuna sama da yatsa, ya ce ai an riga an gama, tauraron ɗan'adam ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Suka sha ruwa, suka rubuta sunaye, suka kama hanya. Har yau ba a sake ganin ƙurarsu ba.

Wannan nuni da yatsa shi ya hana Kawuna barci. Ya haura saba'in, kuma gonarsa tana cikin masu yawan gawo a karkarar. Ya sa aka kira masa ni a waya, don ina koyar da labarin ƙasa a wata lise cikin birni.

"Ɗan nan, kai da ka yi lakwal, an ce Nasara sun ƙirga mini gawo daga sama. Gaskiya ne?"

Na ce, "Kawu, akwai ƙamshin gaskiya."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To duk abin da aka ƙirga, lanho ne ke biyo bayansa. Bana in na shiga sassabe, ko tsiro ɗaya ba zan bari ba."

Lanho dai shi ne haraji. Wanda bai san tarihin itace a ƙasar nan ta Nijar ba, zai ɗauka rikicin tsufa ne. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun dokar gandun daji ta 1935 da Faransa ta shimfiɗa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, hukuma ce mai iko da daji da abin da ke cikinsa. Bayan 'yancin kai, dokar 1974 ta bi sawu, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, gawo yana ciki. A gona, fassarar wannan doka mai sauƙi ce: gawo ya tsiro a gonar gadonka, ka raine shi shekara goma, ranar da ka sare reshe don gyaran rumbu ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. Mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Kawu yana tuna shekarar da aka ci mahaifinsa tara kan reshe guda, sai da aka kai akuya kasuwa. Ga kuma malaman gona na zamanin gyaɗa, da suke koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. (Tun kafin Nasara ma gawo yana da doka a nan. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, na ƙarni na 19, ya hana saransa da hukunci mai tsanani. To shi don a bar gawo a gona ya yi, su kuwa na baya dokarsu ta sa aka kore shi daga gona.)

Sai fari ya zo, na 1973 da 1974, sannan na 1984 da tsofaffi ke kira El Buhari. Ƙasa ta zama fili fetal. Iskar farkon damina takan binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona shi ake ƙonawa a murhu. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tara ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A can Maraɗin ne kuma, a 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itacen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran nan da ake sharewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana raye a ƙasa. In ka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kututture, ka sassabe sauran, ka kare su daga dabba da wuta, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan.

A yankinmu na Magarya, Matamaye da Mirya, galibi ba foroje ne ya kawo shi ba, matsi ne. Jama'a ta yi yawa, saura ta ƙare, ba sauran gonar da za a bari ta huta, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya rage shi ne gawo, wanda ake yi wa kirari da ya ƙi ruwan Allah. Da damina, lokacin da kowane itace ke shiga kore, shi zubar da ganye yake yi ya tsaya tsirara, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke bukata. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da ke kamo sinadarin nan na cikin takin ure daga iska su sa a ƙasa. Da rani kuwa, da saiwar da ta nutse har ga ruwan ƙasa, sai ya yi ganye shar, dabbobi su kwanta inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa, su kai irin wata gona cikin tumbinsu. Kowane manomi a nan ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri. Bayan 1984 ƙarfin hukuma a karkara ya yi rauni, ma'aikatan daji suka rage yawo, mutane suka fara ɗaukar itacen gonarsu nasu ne. Kawu a wannan lokaci ya soma bari.

Kusan shekara ashirin ana wannan aiki, masana ba su ankara ba. Dalilin yana da ban dariya in ka duba. A ma'aunin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daji shi ne filin da ya wuce rabin hekta, inuwar itace ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, kuma ba gona ba. Gawon cikin gona bai shiga lissafi ba ke nan tun daga ƙofa. Su kuma taurarin da aka fi aiki da su, irin su Landsat, kowane ɗigo na hotonsu mita 30 ne a ƙasa, itace guda a tsakiyar rairayi narkewa yake yi cikin launin ƙasa. Don haka taswira tana cewa hamada na tahowa, manomi kuwa yana zaune a inuwa.

Sai wajajen 2004 zuwa 2006 aka farga. Chris Reij ɗan Holan, da Mahamane Larwanou masanin itatuwa ɗan Nijar, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka haɗa tafiyar ƙafa da hotunan sama. Tappan ya jera hotunan jirgi na 1975 kusa da na tauraro na bayan 2000, aka ga wuraren da dā ƙasa ce tsirara sun cika da ɗige-ɗige. Binciken 2006 kan Magarya, Matamaye da Mirya ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 1 a nan kaɗai. A 2009 aka fitar da adadin da ya zagaya duniya: hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itace kamar miliyan 200. Amma wannan ƙiyasi ne, an auna wasu wurare an ninka da faɗin ƙasa. Ba wanda ya ƙirga gawon Kawu a lokacin.

Abin da baƙon nan ya nuna da yatsa ya zo ne daga baya. A watan Oktoba na 2020 mujallar Nature ta buga aikin Martin Brandt na jami'ar Kofanhegan a Denmak, tare da Compton Tucker na NASA da wasu. Sun samu hotunan taurarin kasuwanci sama da 11,000, irin waɗanda ɗigonsu rabin mita ne, wato ana iya ganin kan itace da inuwarsa. Brandt ya zauna ya zagaye kawunan itatuwa kusan 90,000 da hannu a kwamfuta, yana nuna mata wannan itace ne, wancan ba shi ba ne, kamar yadda ake koya wa yaro bambanta shuka da haki ranar noman farko. Da ƙirƙirarriyar basirar ta kama, aka sake ta cikin babbar kwamfuta, ta ƙirga itace sama da biliyan 1.8 a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3. Wannan can yamma ne, wajajen Muritaniya, Senigal da Mali, bai iso mu ba. Na watan Maris 2023 ne ya haɗa da mu: hotuna sama da 300,000, daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya, itace biliyan 9.9, kowane da wurinsa da faɗin kansa. Hotunan rani suka zaɓa, lokacin da ciyawa ta bushe, duk abin da ya rage kore itace ne. Nan gawo ya ci ribar taurin kansa, don lokacin ne yake cikin adonsa.

Saboda haka da na ce wa Kawu akwai ƙamshin gaskiya, ban yi ƙarya ba. Sai dai akwai wani sharaɗi cikin aikin da baƙon bai faɗa ba, mai yiwuwa shi ma bai sani ba: na'urar ba ta ƙirga itace sai kansa ya wuce murabba'in mita 3, yana kuma da inuwa. In ka buga lissafi, kan itace mai faɗin kusan mita 2 ke nan daga gefe zuwa gefe. Wannan sharaɗi na ɗauka na tafi da shi ƙauye.

Na tafi da ɗan ƙanwata, ɗalibi a Jami'ar André Salifou. Tun a birni muka buɗe Google Earth muka ajiye hoton gonar a waya, don a ƙauye sai ka hau tudu kafin waya ta kama. Muka yanki igiya mita 2. Da muka miƙa wa Kawu wayar, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce shi bai ga komai ba sai kamar an watsa ƙuli-ƙuli a faifai. Yaron ya nuna masa rijiya, ya nuna masa burtali. Nan take idon tsoho ya buɗe. Ya ɗora yatsa kan wani ɗigo ya ce wannan shi ne wanda tsawa ta faɗa wa. Wancan shi ne na iyaka, wanda suka yi shari'a kansa da maƙwabci. Waɗannan biyun kuma, ya ce, ai biyu ne, don me suka zama ɗaya? Kawunansu ne suka haɗe, daga sama sai ka rantse itace guda ne.

"Kaka, kun ga dai Nasara sun gan ku," in ji yaron.

"Abokina, sun ga rawanina dai, ba su ga abin da ke aljihuna ba. Tashi mu je gona."

Muka bi gonar kunya-kunya, ni da yaron muna ja da igiya, Kawu yana gaba da sandarsa. Manyan gawo duk suna cikin hoton, ba gardama. Akwai wani mai kauri, mutum biyu ba su rungume shi, amma makiyaya sun yi masa aski bara da rani don ba dabbobi ganye, kansa ya dawo kamar tsintsiya. Tunda masu binciken daga faɗin kai suke ƙiyasta nauyin itace, wannan za a ɗauke shi yaro alhali kaka ne. Na'urar kuma ba ta gaya maka ko gawo ne, ko aduwa, ko bedi, alhali wajen manomi nan maganar take, don inuwar bedi da damina hana hatsi take yi. Sannan ga waɗanda igiya ta fi su faɗi: 'yan gawo masu kai gwiwa, masu kai ƙugu, wasu sun kai tsayin mutum amma siriri kamar sanda, da kalgo da sabara da aka tsaga aka bar wa ƙafa bibbiyu. Waɗannan sun fi manyan yawa a gonar, don kowace bazara sai ya bar wasu. Ko ɗaya cikinsu bai isa ƙirga ba.

Gonar da ke maƙwabtaka da tashi ce ta ƙara buɗe mini ido. A waya ta fi ta Kawu kyan gani, manyan ɗige-ɗige baƙaƙe, tsofaffin gawo masu faɗin kai. Da muka taka, ba ƙaramin itace ko ɗaya a ƙasansu. Mai gonar ya daɗe a ci-rani, aro ya bayar. Shi kuwa mai aro ba ya raino, don a al'adarmu wanda ya tsayar da itace a gona kamar ya kafa shaida ne cewa tasa ce, mai gona ba zai so ba, shi ma ba zai wahala kan abin da wani zai ci ba. Wasu cikin tsofaffin har sun fara bushewa daga sama. Gonar da tauraro zai ba lambar yabo ita ce garken da babu ɗan maraƙi a ciki. Ba laifin masu binciken ba ne, su sun faɗi iyakar na'urarsu a fili. Hotunan da suka haɗa ma na shekaru daban-daban ne tsakanin 2002 da 2020, hoto ne na tsaye, ba ya nuna wace gona ke hawa, wace ke gangara. Amma in mai rabon kuɗi ya ɗauki wannan taswira ya ce ita ce alƙali, za a saka wa wanda ya bari ya lalace, a manta da mai raino.

Mu dawo kan kuɗin iskan. Binciken 2023 ya ce duk itatuwan nan biliyan 9.9 suna riƙe da kabon, wato sinadarin da itace ke zuƙowa daga iskar nan mai ɗumama duniya, kimanin tan miliyan 840, kuma da suka gwada da tsofaffin ƙiyasi 14 na kwamfuta, 11 sun zarce gaskiya, 3 sun gaza. Matsakaicin itace guda yana riƙe da kilo 63 a wuraren fari, kilo 98 a inda ruwa ya fi yawa. In aka mayar da shi ma'aunin iskar da ake ciniki da ita, ana ninkawa sau uku da 'yan kai, ya kama tsakanin kilo 230 da 360. Bai kai rabin tan ba, kuma tarin shekaru ne, ba na shekara ɗaya ba. Tsohon gawo irin na Kawu ya fi haka nesa, amma shi ma a kan tan ake biya, bayan an cire rabon masu aunawa da dillalai. Gwada wannan da buhunan 'ya'yan gawo da ake kai wa masu kiwon rago kowace shekara, da itacen girki, da damman da ke ƙaruwa a gindinsa. Ga kuma ƙa'idar kasuwar: galibi ana biyan abin da ya ƙaru ne saboda shirin, ba abin da ke tsaye tun kafin a zo ba. Ke nan manyan da tauraro ya gani ba su ne abin sayarwa ba, ƙananan da bai gani ba su ne hajar. Yarjejeniyar kuma kan ɗaure gona shekara ashirin ko fiye, da sharuɗɗa kan sara. Mutumin da ya sha wuya kafin itacen gonarsa ya zama nasa yana da hujjar tambaya kafin ya dangwala yatsa.

Ni ban raina aikin ba, kada a fahimce ni a karkace. Shekara da shekaru ana zagin manomin Sahel cewa shi ke jawo hamada da gatarinsa. Yanzu ga shaida daga sama. Brandt ɗin nan, a wani bincike na 2018, ya nuna cewa a yankunan Sahel masu ƙarancin ruwa gonakin kewayen ƙauyuka sun fi dajin da ke kusa da su itace, akasin can kudu inda noma ke cinye kurmi. Masu cewa ai dawowar ruwan sama ne kawai bayan shekarun fari sai su bayyana mana dalilin da ya sa gonaki biyu masu iyaka ɗaya, hadari ɗaya ke shayar da su, ɗaya cike da 'ya'ya, ɗaya wayam. Irin wannan shaida tana da amfani ranar da ake rabon kuɗin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin ƙasashen Afirka na farfaɗo da itatuwa a faɗin Sahel, ko ranar 3 ga Agusta da manya ke dasa itace gaban kyamara, a bar shi ga awaki washegari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da yamma, muna zaune ƙofar gida, na tambayi Kawu ko ya san an sake doka. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta sa hannu kan wata doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Bai taɓa ji ba. Mai gari ma da aka tambaya ya ce ya dai ji ƙishin-ƙishin. Labarin na'urar da ke Amurka ya iso gindin tsamiya cikin farar mota, takardar da aka sa wa hannu a Yamai, wadda ita ce maganin tsoronsa, ba ta iso ba. Yaron ya nemo ta a waya da muka koma birni, muka fassara muhimman wuraren da Hausa, muka aika a murya ta WhatsApp, aka kunna a masallaci bayan la'asar.

Da bazara ta kama, Kawu ya shiga sassabe. Ya bar tsirran, har ya ƙara wasu a gefen gabas, ya ɗaura musu jan ƙyalle don masu noman haya su gani kada su kai musu hauya. Na kira shi na ce ashe takarda ta yi aiki. Ya ce in daina yabon kaina, iskar bara ce ta binne masa shuka sau biyu ta wannan gefen. Ya kuma ba da saƙo ga abokinsa, ɗan ƙanwata: in masu farar mota sun dawo, shi zai zo ya karanta takardarsu da ƙarfi, da Hausa, gaban mai gari, tun daga bisimilla har sa hannu.

Igiyar nan ta mita 2 ya hana mu tafiya da ita, wai zai riƙa gwada 'yan gawonsa ya san ranar da Nasara za su fara ganinsu. Da na je gaisuwar Babbar Salla na tarar ya ɗaure akuya da ita.